Ludayi Ɗaya a Marmaron Talgu

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ce a taka, ya ɓoye ruwa ya ce a nema, ya raba wa bayinsa arziki, wani a tafin hannunsa, wani a tafin hannun waninsa. Ku gyara zama. Ni ne Korau Wanzami ɗan Cindo Wanzami, mutumin Birnin Dankarma, zan ba ku labarin tafiyar da na yi a ƙafa zuwa Marmaron Talgu. Na san ba a shaidi wanzami da gajeren zance ba, amma yau abin da ya faru kaɗai zan faɗa, ba zan ƙara masa gishiri ba.

Aski gadonsa na yi. Ubana ya karɓa daga ubansa, kuma rabin gidajen Dankarma namu ne tun kakanni: askin suna mu ne, ƙaho mu ne, gyaran fuskar ango mu ne. Ina tsakiyar ƙarfina, wata safiya ina wasa aska, sai na ga hannuna na dama yana rawa shi kaɗai. Na ce yunwa ce, na karya kumallo, bai daina ba. Na ce sanyi ne, na jira bazara, bai daina ba. Na sha saiwa, na sha rubutu, na shafa abin da ban san sunansa ba. Mutane ba su ce mini komai ba. Sai dai wanda ya saba kirana ranar Juma'a in gan shi a masallaci kansa na ƙyalli, mu gaisa, kowa ya kau da ido. Ban ga laifinsu ba, wa zai miƙa maƙogwaronsa ga aska mai rawa? Amma ranar da maƙwabcina na katanga ɗaya ya yi suna, ya kirawo wanzami daga bayan gari, sa'an nan don kunya ya aiko mini da kason nama har gida, ranar na shiga ɗaki na yi kuka.

Wani falke ne ya ba ni labarin Talgu. Ya ce can ƙuryar ƙasar Bilmasu, bayan an wuce inda jakuna ke yarda su je, akwai wani marmaro a gindin dutse. Duk wanda ya taka da ƙafarsa har can aka ba shi ludayi ɗaya ya sha, cutar da ya je da ita a nan zai bar ta, da izinin Allah. Sai dai da rani kaɗai yake gudana. Ruwan farko na sauka, laka ta gangaro daga dutse ta toshe shi, sai an yi shekaru kafin ya sake buɗe ido, kuma bana a buɗe yake. Ban tsaya shawara ba. Na yi sallama da iyalina, na ɗaure guzuri, na rataya zabirata, jakar kayan askina ke nan. Ba don tana da amfani na ɗauke ta ba, sai don ban san yadda ake fita gida babu ita ba.

Ana shiga Bilmasu ta wata ƙofa da ake kira Ƙofar Haɗi, duwatsu ne biyu suka jingina da juna. Tun a hanya aka gaya mini ba a shiga sai biyu-biyu, kuma ba zaɓe ake yi ba: wanda ya iso da wanda ya biyo bayansa, su ke nan abokan tafiya. Da na doshi ƙofar sai na hangi wani ƙaton saurayi a gaba, ƙafafu kamar turame, tsakanina da shi kuma wani tsoho makaho yana lalube da sanda. Na ce a raina, Korau, yau ranar wayo ce. Na tattare riga, na sheƙa da gudu, na wuce tsohon ko sallama babu. Na iso ina haki, na tarar har an haɗa saurayin da wani da ke zaune yana jira tun safe. Ni na zama mai jira. Ina tsaye ina share gumi, sai ga ƙwas-ƙwas ɗin sanda a bayana.

Mai tsaron ƙofar wata tsohuwa ce, ana ce mata Iya Tumba. Ta dube ni ta yi dariya har da tafi. Ta ce, "Ɗan nan, da ka yi gudun da ba ka yi ba, tsohon nan naka ne. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama."

Ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Ta ce, "A ƙasar nan ruwa ba ya bin maƙogwaron wanda ya ɗebo wa kansa. Ka yi wanka, ka yi alwala, ka tuƙa tuwo, ba ruwan kowa. Amma duk abin da ake kurɓa, ruwa ne, kunu ne, nono ne, sai daga hannun abokin da na haɗa ka da shi. Mutanen da suka zauna a nan da can sun hana wani baƙo ruwa, suna sha yana kallo, har ya cika a bakin rijiya. Tun daga ranar ruwan ƙasar ya ɗauki fushi, bai kuma sauke ba."

Ta cika ƙwarya ta miƙo mini, ta ce in shayar da tsohon, da haka ake ƙulla haɗin. Na kai ƙwaryar bakinsa, hannuna ya yi halinsa, rabi ya shiga ciki, rabi ya wanke masa ƙirji. Tsohon ya ɗaga kai sama ya ce, "Iya, har an fara ruwan ne? Ashe mun makara." Iya Tumba ta riƙe ciki don dariya. Shi kuwa da ya karɓi ƙwaryar, ya riƙe ta cak, na kai bakina na sha. Ta ce, "Allah ya haɗa ku, ku tashi ku ba na baya wuri."

Sunansa Nomau, masunci ne daga bakin Kogin Zarga. Yanar ido ce ta rufe masa gani tun shekaru. A zangonmu na farko na tambaye shi ko don ya koma su yake neman ido. Ya ce, "Su? 'Ya'yana ke yi, ni cin kifi ne aikina yanzu. Gardama ce ta kawo ni, Wanzam. Matata Yalwa kullum sai ta ce ta tsufa, haƙora sun zube, kai ya yi fari. Ni kuwa ranar da na gan ta ta ƙarshe ba haka take ba. Na ce ƙarya take yi, ta ce in ba ka yarda ba je ka samo ido. To, ga ni." Ya faɗi haka yana murmushi.

Ba zan ɓoye muku ba, ban yarda da zancen Iya Tumba ba sai da na gwada. Washegari ina alwala na saci kurɓi ɗaya wajen kurkure baki. Kafin ya wuce maƙoshi ya zama yashi. Na yini ina tofar da tsakuwa, Nomau kuma na tambayata ko alwalar Dankarma da ci ake yin ta.

Zaman hanya kuwa kusan iri ɗaya ne kullum. Da asuba a yi salla, a shayar da juna, a kama tafiya kafin rana ta yi ƙarfi. Hantsi ya yi sama, a nemi inuwa. Itatuwan Bilmasu ba sa buɗe ganye sai an yi musu sallama, kuma akwai wata tsohuwar tsamiya da sai da muka gaishe ta har da tambayar gajiya kafin ta saki inuwarta. Da yamma a isa zango. Kowane zango miji da mata ne ke riƙe da shi, don mutum ɗaya ba ya rayuwa a ƙasar. A nan za ka ga jama'a iri-iri: mai kuturta, mai farfaɗiya, matar da ba ta taɓa haihuwa ba, attajirin da barci ya ƙaurace masa. Ba wanda ke tambayar wani ko shi ɗan wane ne. Abin da ake tambaya, "Yaya ƙafa?" Sai a baje faso da bororo a fili, mai man kaɗe ya ba marar shi, mai daddawa ya jefa a tukunyar kowa. Nomau yakan gyara wa mutane igiyar takalmi da lalube, a ba mu ƙanzo ko dakuwa. Ni kuwa bakina ne jarina, nakan ba da labari har tuwo ya nuna. Abin da ke ci mini rai shi ne kawuna. Ga suma ta yi buzu-buzu a kan kowa, ga aska a zabirata, ina kallo ba dama. Nakan juya baya in ci abincina.

Sha ma mun samo masa dabara. In zan ba Nomau, sai ya kama wuyan hannuna da hannayensa biyu ya danne rawar, ruwa ya wuce lafiya. Muddin bai taɓa ƙwaryar ba, ruwan ba ya fushi.

Mun ƙetare Kogin Yashi, wanda rairayi ke gudu a cikinsa maimakon ruwa, a bayan wasu kunkurai masu faɗin rumfar kasuwa. Nomau ya yi ta gardama da mai kunkurun a kan yadda ake yanke igiyar kogi, har mutumin ya rantse ba zai sake ɗaukar masunci ba. Mun bi ta Filin Gishiri, inda ƙasa ke ƙara a ƙarƙashin ƙafa. Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya dame ni tafiyar Nomau ce, don hawainiya ma ta fi shi himma. Waɗanda muka baro ƙofa tare sun yi mana nisa, na bayanmu suna cim mana suna wucewa. Wata safiya na ga ɗan gajimare ya leƙo daga gabas.

Na ce, "Baba, in ka ci gaba da wannan jan ƙafa, laka za mu je mu sha."

Ya ce, "Ai ban riƙe ka ba, Wanzam. Ga hanya."

Na ce, "Da Allah ya haɗa ni da cikakken mutum, da yanzu ina hanyar gida."

Ya juya ya kama hanya. Muka yi ta tafiya, ba mai ce wa wani uffan. Hantsi ya wuce, azahar ta wuce, ga salkar ruwa cike a kafaɗata tana ƙara, ba wanda ya nemi wani. Harshena ya bushe har yana manne wa dasashi. Can wajen la'asar Nomau ya tsaya, ya ɗaga sandarsa ya ce mata, "Sanda, ki gaya wa wanzami ban huce ba, kuma ba zan huce ba sai jibi. Amma ƙishi bai san da wannan ba. Ya kawo ƙwarya in ba shi." Shi ya fara shayar da ni, ni da na yi ɓarnar. Na sha kunya tare da ruwan. Na roƙi gafara, ya ce sai jibi, kuma wallahi sai da jibin ta yi ya sake kirana da sunana.

Daga nan muka gangara Kwarin 'Yan Kwaikwayo. Wani farin tururi ne ke tashi daga ƙasa a wurin, ba ka ganin abin da ya wuce tsawon sanda, murya ma ba ta zuwa nesa. An gargaɗe mu cewa akwai wasu halittu a ciki masu ɗaukar kama da muryar abokin tafiyarka, su zo maka da ruwa. Wanda ya sha nasu, ya manta sunansa da abin da ya fito nema. Mun ga irinsu a gefen hanya, zaune suna murmushi, ciyawa ta tsiro ta kewaye su. Don haka na ɗaura igiya daga ƙuguna zuwa na Nomau. Amma ɗan Adam ba ya rasa uzuri. Da rana ta yi tsaka na zaunar da shi a kan dutse, na kwance igiyar, na kewaya bayan wani kurmi.

Da na dawo sai na ga Nomau a zaune, ga ni kuma durƙushe a gabansa da ƙwarya. Hulata ce, zabirata ce, har tabon da ke ƙeyata, wanda ni kaina ban taɓa gani ba sai ranar. Na ƙwala ihu, tururin ya haɗiye. Na ruga, ƙafafuna kamar a cikin kunu. Ina ji abin yana cewa da muryata, "Baba, ga ruwa, ka sha mu wuce."

Nomau ya miƙa hannaye ya kama wuyan hannun abin, yadda ya saba. Ya shafa shi sama da ƙasa. Sa'an nan ya ce, "Wanzam, hannun ya warke ne?"

Abin ya ce, "Ya warke, Baba, albarkacinka."

Nomau ya ce, "Madalla. Wanda ya warke me zai yi a Talgu? Juya gida." Ya zabga masa sanda. Ƙwaryar ta fashe, abin ya narke ya bi tururi.

Na iso na faɗi a gabansa. Ya lalubo hannuna ya kama, ga shi yana rawa kamar mazari, tsoro ya ƙara masa. Ya ce, "Yauwa, ga nawa." Tun da ciwon ya same ni, ranar ce ta farko da ban tsine wa hannun nan ba.

Bayan kwarin akwai Zangon Musaya. Nan kaɗai ne a duk faɗin Bilmasu ake iya kwance haɗi a ƙulla wani, saboda waɗanda abokansu suka rasu ko suka gaza. Matar zangon, Inna Kyallu, ita ke gaya wa matafiya ƙa'idar marmaro, don kada wani ya ce bai ji ba. Ta tara mu a tsakar gida tana tsinke zogale tana magana.

Ta ce, "Ludayi ɗaya ne rabon kowa, duk tsawon ransa. Abokinka ne zai ɗauko ya ba ka, da hannu ɗaya, kai kuma hannayenka na baya. Babba ke fara sha. Waraka tana cikin cikakken ludayi, ɗigo ba ya maganin komai. Wanda bai shayar ba, ba a shayar da shi. Sarkin Ludayi, mai tsaron marmaron, zai tambayi wanda aka ba ko ya sha, kuma mai ƙarya a bakin marmaro harshensa bushewa yake yi nan take."

Na dubi hannuna. Hannu ɗaya, kuma ba mai danne shi. In na zubar, Nomau ya rasa ido, ni ma na rasa ludayina, mu koma yadda muka zo.

A zangon akwai wani mutum mai suna Tunau, maƙeri, wanda abokinsa ya karaya ya tsaya. Hannunsa ko ƙuda ya sauka a kai ba ya motsi. Shi kaɗai ne marar aboki. In Nomau ya ɗauke shi, ni zan zauna jiran wani, ga damina na ƙaratowa, wataƙila har ruwa ya sauka ba wanda ya zo. Na san haka sarai. Na yini ina juya abin, sa'an nan na sami Nomau a gindin rumbu yana tufka igiya.

Na ce, "Baba, ka ji abin da Inna ta ce. Ga Tunau can, hannunsa lafiya lau. Ka ɗauke shi." Bakina ne ya faɗa. Zuciyata kuwa tana ta roƙon Allah ya ƙi.

Ya ce, "Wane ne Tunau? Wannan da ya zauna kusa da ni tun safe bai yi ko tari ba? Makaho da bebe, ina za su? Ni da kunne nake ganin hanya. In ba surutunka, ta ina zan san akwai rami?"

Na ce, "Ba wasa nake yi ba. In na zubar fa? Inna Yalwa fa?"

Ya ajiye igiyar. Ya ce, "In ka zubar, maganata ta tabbata, ba ta tsufa ba. Ka ga na ci gardama." Ya ƙara da cewa, "Ina so in gan ta, Korau, kada ka zaci ba na so. Amma ba zan bar ka a nan kana ƙirga gajimare ba. Tashi ka nemo ludayi mu koya."

Na yi murna, na kuma ji kunyar murnar, duk a lokaci ɗaya. Inna Kyallu ta ba mu wani tsohon ludayi mai tsaguwa a baki. Daga ranar, duk inda muka tsaya sai na gwada. Na gano in na manna gwiwar hannu a haƙarƙari, na riƙe numfashi, na yi sauri, yawanci ruwan na isa. Wata rana ya isa duka, wata rana rabi. Nomau ma ya ƙara sauri, har ƙafarsa ta fashe, na yage gefen rawanina na ɗaure masa. Gabas kuwa kullum ƙara duhu take, iska ta fara kawo ƙanshin ƙasa. Wani lokaci da ya gaza, na goya shi, yana bayana yana gaya mini wai jakin gidansu ya fi ni laushin tafiya.

Mun isa Talgu da hantsi, hadari ya haɗu baƙi ƙirin a kan dutsen. Marmaron ba wani abin kallo ba ne. Ɗan ruwa ne ke tsattsafowa daga tsagin dutse yana taruwa a wani gurbi da bai fi akushi ba. A gefensa Sarkin Ludayi na zaune, dogon mutum marar fara'a, ga wani faffaɗan dutse inda mai sha ke tsayawa. Muka bi sahu. Na ga kuturu ya sha ya dubi yatsunsa ya fashe da kuka. Na ga attajirin nan marar barci ya sha, bai ko sauka daga dutsen ba ya fara gyangyaɗi, sai ɗauke shi aka yi. Sahu na matsawa, hannuna na ƙara rawa.

Aka zo kanmu. Nomau ya hau dutsen, ya mai da hannaye baya, ya ɗaga fararen idanunsa sama, ya buɗe baki. Sarkin Ludayi ya cika ludayi ya miƙo mini. Na manna gwiwar hannu a haƙarƙari, na riƙe numfashi, na yi bismilla a zuci, na taka. Ruwan na kaɗawa amma bai zuba ba. Na isa gabansa. Na ɗaga.

Ba tsawa aka yi ba, ba kuma wanda ya ture ni. Hannuna ne kawai ya yi abin da ya saba. Bakin ludayin ya bugi haɓar Nomau ya kife, ruwan ya bi gemunsa ya sauka a kan dutse, dutsen ya shanye. Na tsaya riƙe da busasshen ludayi. Wata mata a baya ta ce, "Wayyo."

Sarkin Ludayi ya ce, "Nomau masunci, ka sha?"

Na sunkuyar da kai, don na san an gama. Sai na ji wani ɗan sauti. Na ɗago, na ga Nomau ya jawo gashin bakinsa da leɓe, ya tsotse abin da ya maƙale a ciki, ya haɗiye da ƙarfi yadda kowa zai ji. Ya ce, "Na sha."

Sarkin Ludayi ya ce, "Ka san ɗigo ba ya buɗe ido."

Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, ba wannan ka tambaya ba. Ka ce na sha? Daga hannun abokina ya fito, ta maƙogwarona ya wuce. Na sha."

Aka zuba ido a ga ko harshensa zai bushe. Ya yi salati a bayyane, kowane harafi a wurinsa. Sarkin Ludayi ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya karɓi ludayin daga hannuna, ya cika, ya sa a hannun Nomau.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba shi nawa. Ni na yafe."

Ya ce, "Ludayin kowa nasa ne. In ka ƙi sha, a zubar, na baya su matso. Hau dutse."

Na hau, amma na kasa buɗe baki. Nomau na tsaye riƙe da ludayin cak, ko gezau. Ya ce, "Wanzam, tun daga Ƙofar Haɗi bakin nan bai rufu ba, sai yau da ake buƙatarsa? Matso. Hannuna ya fara gajiya, ga hadari." Na kai bakina. Ya karkata a hankali, na shanye tas, ko ɗigo bai faɗi ba. Sanyin ruwan ya sauka ƙirjina, ya bi kafaɗa, ya gangara damtse har ƙarshen yatsu.

Muna gangarowa ɗigon farko ya faɗo. Kafin mu isa wani kogo mu fake, ruwa ya ɓarke, muka ji rugugin laka na saukowa a bayanmu, da kukan waɗanda sahu bai kai kansu ba. A bakin kogon na ɗaga hannuna na dama. Yana tsaye. Na baje yatsu, na dunƙule, na sake bajewa. Yana tsaye kamar ranar da ubana ya fara damƙa mini aska. Murna ta ɗebe ni, na manta da komai, na kai hannun har gaban fuskar Nomau ina cewa, "Baba, duba! Duba!"

Sai na ji abin da bakina ya faɗa.

Nomau ya juyo wajen muryata. Ya jingina sandarsa a ƙirji, ya lalubo hannun ya riƙe da nasa biyu. Ya daɗe a haka, kansa a karkace kamar mai sauraro. Ya bi yatsun ɗaya bayan ɗaya yana matsawa. Ni kuwa hawaye kawai nake yi, na rasa kalma ko ɗaya, ni Korau.

Can ya ce, "Ya tsaya. Alhamdu lillahi." Ya ɗauki sandarsa. "To, riƙe ni da shi, Wanzam. Ƙasa ta yi santsi."

Na riƙe shi, ban kuwa sake shi ba sai a ƙofar gidansa a bakin Kogin Zarga. A nan zan naɗe zancena, yadda nake ninke aska in na gama aski. Abin da ya rage, Allah ne masani.